Sallata Ta Yi Nauyi, Hannuna Ya Yi Sauri a Kan Ɗana

A filin tambayoyi na wannan fitowa mun ɗauko wasiƙu biyu daga Jihar Kebbi, ɗaya daga Jega ɗaya daga Argungu. Mun cire sunaye kamar yadda masu wasiƙun suka roƙa.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ni mace ce mai shekara 31, ina zaune a gidan mahaifina a Jega da 'ya'yana uku. Na yi shekara 11 a gidan miji, kuma in aka cire shekarar farko, babu shekarar da ban sha duka ba. Na yi yaji sau huɗu, kowane karo a zo biko, manya su ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, in ɗaura kayana in koma. Ranar da ya fasa mini baki a gaban yara har haƙorana biyu suka fita, mahaifina da kansa ya kai ƙara, alƙali ya duba takardar asibiti, ya saurari maƙwabta, ya raba auren. Yau shekara ɗaya da wata biyar ke nan. Ina soya ƙuli-ƙuli ina sayar da man gyaɗa, muna samun abin sa wa a bakin salati, alhamdu lillahi.

Abu biyu ne suka hana ni barci. Na farko salla. Lokacin da nake cikin wahala ina tashi cikin dare ina kuka ina roƙon Allah, amma yanzu da na fita sai in kabbara in rasa raka'a nawa na yi, in ɗaga hannu in rasa abin faɗa. Gwaggona ta ce alama ce Allah ya yi fushi da ni domin na kashe aurena, ta ce da na ƙara haƙuri da na dafa dutse. Maganar ta zauna mini a rai.

Na biyu ɗana na fari, mai shekara goma. Kamarsu ɗaya da ubansa, har tafiya, har yadda yake ɗaure fuska. Watan jiya na ji yana zagin ƙanwarsa da kalmomin da ubansa yake zagina da su, sannan ya mare ta. Ban san lokacin da na ɗauki muciya ba. Da na dawo hayyacina sai na gan shi ya raɓe a jikin bango ya kare kansa da hannu biyu, ko kuka bai yi ba, daidai yadda nake raɓewa a gidan ubansa. Tun ranar ba na iya kallon idonsa. Ƙanwar tasa mai shekara bakwai ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, dangin uban kuma sun aiko cewa yaro ya isa a mayar musu da shi. Malama, da gaske Allah fushi yake yi da ni? Ni ma na zama irin mutumin da na gudo daga hannunsa ke nan?

Wata uwa, Jega

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya musanya miki da alheri, ya raya miki zuri'a. Zan fara da maganar gwaggonki, domin ita ce ƙayar da ta fi nutsewa, kuma muddin tana nan ba za ki iya taka ƙafar ba. Ina kyautata mata zato cewa abin da aka faɗa mata tana amarya ne ta maimaita miki, amma maganar kuskure ce. Ba ke kika kashe aurenki ba. Alƙali ne ya raba shi da hukuncin shari'a bayan ya ga hujja, kuma shari'ar da ya yi aiki da ita ta Allah ce. A aya ta 229 ta Suratul Baƙara Allah ya ba miji hanya biyu kacal, ko riƙo da alheri ko saki da kyautatawa, sannan a aya ta 231 ya hana a riƙe mace domin a cutar da ita. Malamanmu na Malikiyya sun gina hukunci a kan haka, har Shehu Halil ya faɗa a Muhtasar cewa mace tana da haƙƙin a raba ta da miji saboda cutarwa bayyananniya, ko da shaidu ba su tabbatar da cewa cutarwar ta maimaitu ba. Ke kuwa shekara goma kika yi tana maimaituwa.

Na san akwai masu saurin janyo aya ta 34 ta Suratun Nisa'i duk lokacin da aka yi irin wannan zance. Babu wani malamin tafsiri da ya fassara ta da fasa baki ko zubar da haƙori, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana dukan fuska a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito. Nana A'isha, wadda ta fi kowa sanin zamansa na cikin gida, ta shaida a Sahihu Muslim cewa bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. Haula 'yar Sa'alaba ta kai ƙarar mijinta ga Annabi, sai Allah ya buɗe Suratul Mujadala da cewa ya ji maganarta, bai ce mata ta koma ta ƙara haƙuri ba. Haƙurin da Allah yake yabo kina cikinsa yanzu haka, tunda kina tsaye gaban kaskon suya kina ciyar da yara uku da halal ba tare da kin yi wa ƙaddara baƙar magana ba. Ki riƙa karanta aya ta 130 ta Suratun Nisa'i, inda ya yi alkawarin wadata kowane ɗaya daga ma'auratan da suka rabu daga yalwarsa.

Nauyin da salla ta yi miki kuwa yana da dalilin da likitoci suka sani sarai, kuma Bahaushe ma ya san shi tun da ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shekara da shekaru jikinki yana cikin shirin ko-ta-kwana, kunnenki yana sauraron takun ƙafa a zaure, zuciyarki tana auna yadda aka turo ƙofa. Jikin da ya saba da haka ba ya sakewa ranar da alƙali ya yi hukunci. Sau da yawa ma sai bayan haɗari ya wuce gajiyar take sauka gaba ɗaya, hankali ya riƙa watsewa, hawaye ya ƙafe, mutum ya ji zuciyarsa kamar an share ta. Alƙur'ani ya ba da labarin irin wannan hali game da mahaifiyar Annabi Musa a aya ta 10 ta Suratul Ƙasas, cewa zuciyarta ta wayi gari babu komai a cikinta bayan ta saki jaririnta a kogi, kuma abin da Allah ya yi mata shi ne ya ɗaure zuciyar ya ƙarfafa ta. Nana Maryam, da naƙuda ta kama ta, ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana, amsar da ta samu ita ce kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa ga dabino. Ban ga inda aka zarge su da raunin imani ba, saboda haka ba zan yarda a zarge ki ba.

Ki riƙe salloli biyar a kan lokaci, ki sauke wa kanki nauyin gwada yau da darerun da kika yi kina kuka. Game da mantuwar raka'a, mai Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ware hukunci na musamman ga wanda kokwanto ya aura, wato wanda yake zo masa a kai a kai: ya kau da kai daga kokwanton, ya kammala sallarsa, ya yi sujadar ba'adi. Addini ya riga ya san da irin halinki ya kuma sauƙaƙa. In kin ɗaga hannu kin rasa abin faɗa, ki ari kalmar Annabi Yaƙub a aya ta 86 ta Suratu Yusuf, cewa ga Allah kaɗai yake kai kukan damuwarsa da baƙin cikinsa, ki tsaya a nan, ta isa addu'a. Idan kuma rashin barci, mugun mafarki, faɗuwar gaba ko tunanin da ma kin mutu suka dame ki, ki je asibiti ki faɗa wa likita tarihinki kamar yadda kika faɗa mini. Ana iya farawa daga babban asibitin garinku ko Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, Jihar Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin hauka. Ruƙiyya da ayoyin Allah alheri ce, ki yi wa kanki, amma ki nisanci duk wanda zai ce aljani ne ya shige ki sannan ya nemi kuɗi ko ya ɗauko bulala, domin jikinki ya sha dukan da ya ishe shi.

Yanzu ga maganar yaron, wadda ita ce ta fi taɓa ni a wasiƙarki. Ba zan rufe ki ba, abin da kika yi masa da muciya zalunci ne, kuma bai kamata ya sake faruwa ba. Sai dai uwar da ta kasa kallon idon ɗanta saboda kunyar abin da ta yi tana cikin nadama, nadama kuwa tuba ce kamar yadda hadisi ya faɗa. Abin da ya rage shi ne haƙƙin yaron, kuma shi ne zai fi miki wuya, domin ɗan fari ne. Mu nan ƙasar Gwandu mun tashi mun tarar uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan shi a jiki, ba ta hira da shi a gaban mutane. Al'ada ce ta kunya da kara, ba na raina ta, amma an gina ta ne a gidan da yaro yake da kakanni da gwaggwanni masu cike masa gurbin. Wannan yaro ya ga jinin mahaifiyarsa a ƙasa yana ɗan shekara takwas ko tara, ya rabu da gidan da ya sani, yanzu kuma mutum ɗaya da ya rage masa ta daina kallonsa. A wurinsa shirunki ba kunya ba ne, hukunci ne. Lokacin da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi ya sumbaci Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Ki kira shi ɗaki ku biyu, ki zaunar da shi kusa da ke, ki gaya masa da bakinki cewa dukan da kika yi masa kuskure ne kuma kina neman ya yafe miki. Hakan ba zai rage miki girma ba. Sannan a zama guda ki gaya masa cewa marin ƙanwarsa shi ma kuskure ne, kuma daga yau a ɗakin nan babu mai dukan wani, har ke. In ya sake, ki hukunta shi da abin da ba duka ba, kamar hana shi fita ƙwallo ranar ko sa shi ya ɗebo ruwan da ita za ta ɗebo, kuma ya ba ta haƙuri da bakinsa. Kamannin da yake yi da ubansa halitta ce, ba shi ya zaɓa ba, kuma Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Zagin da marin kuwa koyo ne, domin yaro ya yi shekara tara yana kallon yadda namiji yake yi in ransa ya ɓaci, bai ga wata hanya ba. Saboda haka kada a tsorata ki da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ki roƙi mahaifinki ko wani kawun yaron mai sanyin hali ya riƙa jan shi zuwa masallaci da gona da kasuwa, ya ga namijin da yake fushi ba tare da ya ɗaga hannu ba.

Bakinki ma ki tsare shi fiye da hannunki. Kada ki ce masa halin ubansa ne ya ɗauko, domin yaro yakan zama abin da uwarsa ta yi ta kiransa da shi, kuma Annabi ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mugun baki kada a dace da sa'ar karɓa. Idan kin ji zuciya ta taso, ki ajiye duk abin da ke hannunki tukuna, ki yi a'uziyya, ki zauna in kina tsaye, ko ki fita ki yi alwala ki bar Inna da su. Akwai kuma wata sunna da nake so ki mayar al'adar kowane dare. Annabi yakan karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi in zai kwanta, ya tofa a tafukansa ya shafe jikinsa, kuma yakan nema wa Hasan da Husaini tsari da kalmomin Allah cikakku. Ki tara yaran uku ku karanta tare, ki shafa kan kowannensu, ki fara da babban. Hannun da ya sani da muciya ya riƙa jin sa a kansa da addu'a kowane dare, ke kuma ga wata ibada da ba ta buƙatar dogon tattara hankali.

Game da ubansu, ki faɗi gaskiya gwargwadon hankalinsu ba tare da zagi ba: abin da Baba ya yi ba daidai ba ne, kuma ba laifinsu ba ne. Yara da yawa suna ɗauka a ɓoye cewa su ne sanadin faɗan iyayensu. Yafewa falala ce da Allah ya yi wa alkawarin lada, amma ba a tilasta wa wanda aka zalunta, kuma in za ki kai ƙararsa ga Allah ki yi a kan dardumarki, ba a kunnen 'ya'yansa ba. Yarinyar kuwa kada a dake ta, kada a bari yara su yi mata waƙar tsokana. Komawa fitsarin kwance bayan an daina alama ce da aka saba gani ga yaron da ya firgita, amma ki kai ta a gwada fitsarinta domin a tabbatar babu wata cuta, ki rage mata ruwa da dare, ki tashe ta sau ɗaya kafin ki kwanta.

Saƙon dangin uba ba hukunci ba ne. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, riƙon yara bayan rabuwa na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, kuma in uwa ta yi wani aure riƙon yana komawa ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta. Ci da tufafi da magani kuwa suna kan uba gwargwadon ƙarfinsa. Ku koma kotun da ta raba auren ke da mahaifinki, ku nemi a rubuta riƙo da ciyarwa da yadda za a riƙa ziyara, domin zumuncin yara da danginsu ya ci gaba a inda babu haɗari. Kada kuma ki kulle kanki a gida. Tun zamanin Nana Asma'u da 'Yan Taru matan wannan yanki suke haɗuwa su yi karatu su ɗauki nauyin juna, kuma Islamiyyar matan aure ko reshen ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN mafi kusa da ke zai ba ki abokan zama da ba za su tambaye ki me ya sa ba ki ƙara haƙuri ba.

TAMBAYA

Malama, barka da aiki. Mijina ya sake ni saki ɗaya bayan dukan da ya kwantar da ni kwana shida a asibiti, na gama idda tun kafin azumi. Yanzu yana ta aiko manya cewa ya tuba yana son kome, iyayena kuma suna cewa in koma saboda 'ya'yanmu biyu kada su tashi ba uba. Zuciyata ba ta so, amma ina tsoron kada Allah ya kama ni da haƙƙin yaran.

Wata baiwar Allah, Argungu

AMSA

Ƙanwata, Allah ya ƙara miki lafiya. Tunda idda ta cika, babu kome sai da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki da yardarki, kuma bazawara ta fi waliyyinta iko da kanta kamar yadda ya tabbata a Sahihu Muslim. Buhari ya kawo labarin Barira, wadda mijinta Mugisu yake bin ta a titunan Madina yana kuka hawaye na zuba a gemunsa. Annabi da kansa ya ce mata da ma ta koma masa, sai ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙatarsa, kuma aka bar ta a kan haka. In ƙin karɓar ceton Manzon Allah a wannan babi bai zama zunubi ba, ƙin karɓar na dattawan unguwa ba zai zama ba. Haka kuma da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawararsa kan masu neman aurenta, ya kawar da ita daga Abu Jahmi saboda ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, abin da ya nuna cewa duba tarihin hannun namiji kafin a ba shi mace yana cikin addini.

Hujjar 'ya'ya tana da nauyi, amma a auna ta da kyau. Wani babban bincike da aka yi a Amurka tsakanin 1995 da 1997 a kan mutum fiye da 17,000 ya lissafa ganin ana dukan uwa cikin musibun ƙuruciya da suke bin mutum har girma, su shafi lafiyar jikinsa da ta ƙwaƙwalwarsa, kuma wasiƙar 'yar'uwarmu ta Jega ta nuna mana abin a aikace. Yaranki ba su rasa uba ba don kin ƙi komawa, yana nan da ransa, ciyar da su da kula da karatunsu wajibinsa ne ko kina gidansa ko ba kya nan. Yadda ya riƙe wannan wajibi tun daga ranar sakin zuwa yau shi ne ma'aunin farko na tubarsa. Ki duba ko yana aiko da abincinsu ba tare da an roƙa ba, ko ya biya kuɗin asibitin, ko ya amsa laifinsa a gaban iyayenki da sunansa ba tare da ya ce ke kika tunzura shi ba, ko ya rabu da abin da yake sha in akwai shi.

Idan bayan wannan duka zuciyarki da kanta ta karkata, kada ki koma da alkawarin baki. Malikiyya sun yarda miji ya ɗaura wa kansa sharaɗin cewa in ya sake dukanki al'amarinki yana hannunki, don haka a rubuta shi a gaban alƙali da shaidu, ki ajiye takardar a gidan mahaifinki tare da ta asibiti. Idan kuwa kin yi istihara zuciyar tana nan a kan ƙi, ki samu wanda iyayenki suke jin nauyinsa, limamin unguwa ko babban yayan mahaifinki, ki karanta masa labarin Barira, ki roƙe shi ya je ya yi musu magana a madadinki.